Obalodi a Motar Baba Manu

Cikin kalmomin Turanci da Hausawan Enugu suka aro suka ƙi mayarwa, babu wadda ta sha aiki kamar obalodi. A bakin jami'an hanya aka fara jin ta, lokacin da suke tsayar da tirelar shanu su leƙa su ga ƙaho na gogar ƙaho, ga mutane kuma jere a saman katako. Ma'anarta ba ta da wuya, wato an ɗora wa abu kayan da suka fi ƙarfinsa. Amma da ta shigo Asata, unguwar Hausawa, sai aka sake ta ta yi kiwo. Ɗan okada ya ɗauko mace da buhu da akuya, a ce obalodi. Taransifoma ta yi ƙara ta ɗauke wuta, a ce obalodi. Ko mutum ya narki sakwara ya kasa tashi daga benci, sunan da za a bi shi da shi ke nan. Kullum cikin dariya ake faɗinta, domin mutanenmu ba su taɓa yarda har zuciya cewa akwai motar da ta cika ba. In dai ƙofa ta rufu, ko da igiya aka taimaka mata, to a wurinsu da sauran wuri.

Zuwaira ma da dariya take faɗinta a da. A Asata aka haife ta, a nan ta girma, tana da rumfar busasshen barkono da kuka da daddawa a kasuwar Ogbete, kuma tana jin yaren Ibo kamar a bakinta aka ƙera shi. Bakinta bai iya ɓoye-ɓoye ba, shi ya sa tsofaffin unguwa ke cewa ruwan Enugu ya wanke mata kunya. Mutum ɗaya ne idan ya ɗaga ido take haɗiye magana, shi ne mahaifinta, Baba Manu mahauci.

Baba Manu ya zo Enugu tun gemunsa bai fito ba, ya yi fawa a Kasuwar Artisan har gemun ya yi fari. Duk shekara bayan Babbar Sallah yakan je ƙauyensu can bayan Azare, kuma duk shekara kafin ya tafi ƙofar gidansa takan koma tasha. Wannan ya kawo jarkar manja a kai wa uwarsa, wancan ya kawo atamfa a kai wa matarsa, shi kuwa bai taɓa cewa a'a ba, bai kuma taɓa ɓatar da ko allura ba. Har laƙabi aka sa masa, Manu Gidan Waya, kuma yana jin daɗin sunan fiye da yadda yake nunawa.

A bana ciwon hanta ya kwantar da shi. Ciki ya kumbura, sauran jiki ya zube, har ya zama Zuwaira ita kaɗai tana iya ɗaga shi ta gyara masa kwanciya. Ranar da suka koma asibiti likita ya ja ta gefe ya gaya mata gaskiya ba kwana-kwana. Ya ce nasu ya ƙare. Idan tsohon yana da inda yake son ya kasance, to a kai shi yanzu, kada a ce sai mako mai zuwa. A kwantar da shi a mota, kada ya zauna, a kuma fita da sassafe kafin rana ta yi zafi. Baba Manu bai ji abin da aka faɗa ba, amma mutumin da ya shekara yana duba dabba ya gane wadda za ta kai gobe ba ya bukatar tafinta. Suna komawa gida ya kira ta.

"Ki kai ni gida, Zuwaira. Uwarki tana kwance a ƙasar nan, ya isa. Ni ki kai ni kusa da tawa, in ga Yaya Baiwa tukuna."

Gwaggo Baiwa ita ce yayarsa, su biyu suka rage a ɗakinsu. Zuwaira ta yi masa alkawari, ta fita bayan ɗaki ta yi kukanta ta wanke fuska. Daga wannan lokaci babu abin da ke cikin kanta sai abu ɗaya, ta sauke mahaifinta a ƙofar Gwaggo Baiwa yana numfashi.

A unguwa babu wanda ya kira abin da sunansa. Ba a cewa mutum zai je gida ya mutu, sai dai a ce zai je a gwada na gida. Mahauta suka haɗu suka yi shatar motar Kallamu, wata tsohuwar mota mai kujeru layi uku da ke jigila zuwa Arewa. Aka kwantar da kujerun baya, Zuwaira ta shimfiɗa katifa da hannunta, ta sa filo biyu da gorar ruwa da jakar tsohon. Ta yi wa Kallamu kashedi cewa ana sallame sallar asuba za su ɗaga, ya ce ai ko yanzu ta ce a tafi, mota a shirye take. Ta buga wa Gwaggo Baiwa waya, tsohuwa ta ce ta riga ta share masa ɗakin mahaifiyarsu, ta yi turare.

Da asuba aka ɗauko shi aka kwantar. Kallamu ya riga ya tayar da inji sai ga Isah, abokin fawar Baba Manu, yana haki da jarkar manja a kafaɗa. Ya durƙusa ya gaishe da Baba Manu gaisuwa mai tsawo, ya tambayi jiki, sannan ya ce ɗan saƙo ne zuwa wurin tsohuwarsa a Lafiya, ai kan hanya ce. Zuwaira ta buɗe baki, sai ta ji muryar mahaifinta daga kan katifa yana cewa a karɓa. Jarka ɗaya ce, ta ƙyale.

Da yayyafi kogi kan cika. Kafin a gama ɗaure ta Isah, ga mai ƙullin garin rogo zuwa Jos. Ga mai kwalin sabulu, ga mai damin ayaba, ga wani da tsohuwar fanka wai ƙanwarsa za ta tare a Bauchi. Kowa ya zo sai ya durƙusa ya yi gaisuwa kamar yau ya fara ganin tsohon, kowa kuma bakinsa ɗaya, ɗan abu ne, kan hanya ce. But ɗin baya ya cika, aka hau saman mota. Kallamu ya ɗaure ya kwance, ya kwance ya ɗaure, yana zufa yana cewa da sauran wuri. Zuwaira tana kallon sama tana ganin gari yana wayewa a kanta, hasken nan da likita ya ce a guje masa yana hawowa ta bayan rufin masallaci. Ta ja Isah gefe ta roƙe shi ya hana mutane, ya sunkuyar da kai ya ce ta yi haƙuri, yanzu za a gama.

Abin da ya fi ƙona mata rai shi ne tsohon kansa. Mutumin da ya kwana biyu ba ya iya haɗa magana, yau ga shi ya ɗago kai yana ba da umarni. Yana tsokanar Isah cewa bara jarkarsa ta yi yoyo ta ɓata masa babbar riga. Yana tambayar mai fanka ko ƙanwar tasa ita ce wadda ya taɓa kai wa akwati. Yana maimaita sunan kowane gari da na mai karɓa, yana gyara wa Kallamu inda ya ruɗe. Idonsa har wani haske yake yi. Zuwaira ta ga haka, amma ita ƙarfinsa take gani yana tsiyaya a banza a ƙofar gida.

Hantsi ya dubi ludayi lokacin da Inna Tabawa ta iso. Tabawa mai tuwo ce a bakin masallaci, aminiyar marigayiya mahaifiyar Zuwaira, ita ta yi wa marigayiyar wankan jego, ita Zuwaira take kira Inna. Tana tafe mai baro yana biye da ita da buhun doya wanda sai da ƙarti biyu suka sauke shi. Ta ce na Halimatu ne mai ƙosai a tashar Darazo, ba ta da waya amma kowa ya san ta. Kallamu ya zaga motar ya dawo yana sosa ƙeya. A karon farko bai ce da sauran wuri ba, domin wurin da ya rage ɗaya ne, inda katifa take.

Nan Zuwaira ta manta da wa take magana.

"Inna, wai ba ku da idanu ne? Mutumin nan ba fatauci za shi ba. Kun san abin da likita ya ce, kun san abin da zai kai shi gida, shi ne..."

"Zuwaira."

Mahaifinta bai ɗaga murya ba, ba shi da ita ma. Mata suka sunkuyar da kai, Tabawa ta tsaya riƙe da bakin mayafinta. Baba Manu ya dafa gilashi ya yunƙura har ya zauna, ya ce a naɗe katifar, shi gaba zai koma, dama kwanciya ta ishe shi. Sannan ya dubi 'yarsa.

"Wanda ya ƙi ɗaukar saƙon mutane, ranar da ya kwanta wa zai ɗauke shi?"

Aka naɗe katifa aka cusa ta a sama, buhun doya ya hau wurinta. Aka zaunar da tsohon a kujerar gaba, aka yi ƙoƙarin kwantar masa da ita baya, buhun ya tokare. Zuwaira ta matse a wani ɗan lungu a bayansa, jarka a ƙarƙashin ƙafarta, ta zura hannuwa ta gefen kujera ta riƙe kafaɗunsa. Da motar ta tsallaka kwatar ƙofar gida sai cikinta ya gogi siminti, ƙara ta tashi, wani daga cikin mahauta ya ce obalodi, aka yi dariya. Dariyar ba ta yi tsawo ba, kuma da Zuwaira ta waiwaya ta ga Tabawa ta juya baya tana goge fuska. Ba ta ji tausayinta ba ko kaɗan.

Da sun fita da asuba da titi nasu ne. Yanzu kuwa gari ya tashi, gosulo ya kama tun daga wajen Ogbete, keke da bas da baro kowa na neman gaban kowa. Zafi ya fara taruwa a cikin motar, warin manja da sabulu ya cika ta. Baba Manu ya daina magana. Tana jin kafaɗunsa a tafin hannunta, ƙashi zalla, suna hawa suna sauka da sauri. Takan jiƙa gefen mayafinta ta goga masa a wuya, tana ƙirga garuruwan da ke gabansu a zuci tana jin kamar ta fita ta tura motar.

Duk mai barin Enugu zuwa Arewa sai ya hau tudu kafin ya kai mahaɗar Nain Mail, kuma wannan hawa na Onyeama ba ya wasa da tsohuwar mota. A gindin hawan wani jami'in hanya ya ɗaga musu hannu. Mutum ne mai furfura a gefen kai. Ya zaga motar a hankali, ya dubi tayoyin baya da suka kusa ɓacewa a cikin jikinta, ya dubi tulin da ke sama, sannan ya faɗi kalmar da Turancinta na asali, ba dariya a ciki. Zuwaira ta fito ta yi masa magana da yaren Ibo, ta gaya masa komai, har abin da ba a faɗa a Asata. Ya sunkuya ya leƙa tsohon, ya daɗe yana kallonsa, ya gaishe shi da ladabi. Da ya miƙe sai ya ce shi ba abin da yake nema a wurinsu, amma motar nan ba za ta hau tudun nan haka ba. Su sauke rabin kayan a gefen rumfarsa, zai sa ido a kai har masu su su zo su kwashe, su kuma su kai baba gida.

Zuwaira ta ji kamar an sauke mata dutse daga ƙirji. Ta yi masa godiya har tana haɗa yare uku, ta kama igiya ta fara kwancewa. Sai ta ji ana ƙwanƙwasa gilashi daga ciki.

Ta zagayo ta durƙusa a bakin ƙofa a kan tsakuwa. Ta ce masa Baba ka dubi Allah. Ta ce Isah zai zo ya kwashe kafin azahar, ko tsinke ba zai ɓata ba. Ta ce Gwaggo Baiwa tana can ta share ɗaki tana jira. Ta kama ƙafarsa da ta kumbura tana kuka a gaban jami'i da direba da masu wucewa, ba ta damu ba. Shi kuwa ya rufe ido yana sauraro har ta gama.

"A hannuna suka ba ni. Ba a ajiye amana a bakin titi. In kin sauke ko ƙulli ɗaya, ki haɗa da ni."

Ta dubi Kallamu ko zai taimake ta. Kallamu kuwa direba ne, kuma ba a haifi direban da zai yarda a gaban jami'i cewa motarsa ta gaza ba. Ya ce ai ta hau tudun nan da abin da ya fi wannan, da giya ɗaya za ta haye, in Allah ya yarda. Jami'in ya girgiza kai, ya sake duban tsohon, ya matsa gefe. Zuwaira ta mayar da igiyar da ta kwance da hannunta.

Motar ta yi iya yinta, wannan kam a ba ta. Ta yi gurnani ta ci kusan rabin hawan, sannan wani wari kamar na ƙonannen gashi ya cika ciki. Inji yana ihu amma tayoyi ba sa tafiya. Sai ta tsaya, sai ta fara komawa da baya. Kallamu ya danne birki ya karkatar da ita gefe, Zuwaira ta yi tsalle ta fita ta jawo duwatsu ta cusa a bayan tayoyi. Kallamu ya buɗe gaba ya leƙa, ya shiga ƙarƙashi ya fito, ya ce kuloci ne ya ƙone. Bai iya haɗa ido da ita ba. Ya tare ɗan okada ya ce zai je Nain Mail ya ɗauko bakanike, yanzu-yanzu zai dawo.

Rana ta take tsaka. Babu inuwa a wurin, hagu dutse ne, dama kwari, tankoki suna wucewa suna girgiza ƙasa. Ta buga wa Isah, ya ce yana neman wata motar, amma duk masu zuwa Arewa sun fita tun safe. Ta tsaya a bakin titi tana ɗaga wa kowace mota hannu biyu. Bas-bas na Arewa suka yi ta wucewa, kowace a danƙare har saman, fasinjoji suna kallonta ta taga. Wani mai ƙaramar mota ya rage gudu, ya ga tsoho a sanƙame a kujera, ya taka mai ya wuce. Ba ta ga laifinsa ba, amma ta bi shi da gudu 'yan taku kafin ta tsaya.

Da ta dawo ta tarar kan Baba Manu ya langaɓe gefe, leɓɓansa sun bushe sun tsage. Wannan karon ba ta nemi izinin kowa ba. Ta buɗe ƙofar baya ta kama buhun Tabawa tana ja, bai motsa ba. Ta sa ƙafa ta tokare, ta ja har farcenta ya karye, ɗinkin bakin buhun ya ɓalle, doya ta zubo tana gangarawa kan titi. Ta ci gaba da watso ta waje da hannu bibbiyu har wuri ya samu. Ta hau ta jawo katifa, ta shimfiɗa, ta rungumo mahaifinta ta kwantar da shi. Bai kai nauyin rabin buhun ba.

Ta ɗiga masa ruwa a baki, ya buɗe ido. Ya tambaye ta ko sun haye Binuwai, domin a wurinsa wanda ya tsallake gadar Makurɗi ya fara shaƙar iskar gida. Ta ce sun kusa. Ta gyara zama ta tare masa taga, don daga inda suke ana hango rufin kwanon Enugu a ƙasa, fili guda, yana ƙyalli a rana. Ya lumshe ido har ta ɗauka barci ya yi. Can sai ya ce ya ji ƙarar zubewar kaya, doyar Tabawa ce? Ta ce ita ce, za a tattara. Ya ce ta je ta tattara yanzu, kada mota ta taka abin mutane. Ta ce ba inda za ta. Ya fara yunƙurin tashi da kansa, numfashinsa yana sarƙewa, sai ta ce to, to, ya kwanta, ga ta nan za ta.

Ta bi gefen titi da gudu tana tsintar doya tana tarawa a mayafi, tana waiwayen motar, tana tsine wa doyar da wanda ya shuka ta. Da ta dawo ta ga idonsa ya kafe a rufin mota, leɓɓansa suna motsi. Ta saki mayafin, ta tallafi kansa, ta yi ta maimaita masa kalmar shahada a kunne, yana bi har inda ya iya. Lokacin da Kallamu ya iso da bakanike a bayan okada, ta riga ta rufe masa ido ta ɗaure masa haɓa da ɗankwalinta.

Jami'in nan mai furfura shi ya samo motar da ta mayar da su cikin gari. Zuwaira ta ce a wuce da shi gida ko a haka, ta yi masa alkawari. Liman ya zauna ya yi mata nasiha a hankali, ya ce ba a yawo da gawa a wannan zafi har tsawon wannan tafiya, ƙasa duk ta Allah ce. Bayan la'asar aka fito da shi. Tana tsaye daga cikin zaure ta ga mutanen da suka cika motar da safe suna rububin makara, wannan ya karɓa wancan ya karɓe, Isah yana kuka kamar yaro ya ƙi sakin nasa gefen. Maganar tsohon ta dawo mata, cewa wa zai ɗauke shi. Ga shi an ɗauke shi, har ana ture juna, amma maƙabartar Hausawa ta Enugu aka nufa da shi, kuma wannan bai sanyaya mata komai ba.

Washegari aka gyara mota. Kallamu ya ce tunda marigayi ya karɓi kayan nan, shi zai isar masa da su, ya kuma kai jakarsa gida. Aka mayar da doya cikin buhu aka ɗinke. Babu abin da aka rage a motar sai tsoho da 'yarsa, ta kuwa haye tudun. Daga nan waya ta fara shigowa unguwa. Ana zaman makoki Zuwaira tana jin mutane suna fita waje suna amsawa ƙasa-ƙasa, manja ya isa Lafiya, gari ya isa Jos, fanka ta isa Bauchi. Kowa ya ce mata ajali ne, ko da jirgi aka ɗauke shi ba zai wuce lokacinsa ba. Ta san haka ne, ta yi imani da shi, amma da ta rufe ido sai ta ga titin asuba babu kowa a kansa.

Tabawa ce ke dafa abincin masu ta'aziyya tun ranar farko. Zuwaira ba ta ce mata uffan ba, ko kwanon da ta miƙo ba ta karɓa. Ranar sadakar uku da hantsi Kallamu ya kira daga Darazo. Ya ce duk saƙo ya isa sai doya. Ya zaga tasha kaf yana tambayar Halimatu mai ƙosai, matasa ba su san ta ba, sai wani dattijo ya ce an yi ta, amma ta rasu tun ba a yi kwaltar tashar ba, kuma ba ta bar kowa ba. Yaya zai yi da buhun?

Zuwaira ta ce ya dakata, kada ya kashe. Ta ratsa mata ta shiga bayan gida inda Tabawa ke tuƙa tuwo, ta tsaya a kanta ta maimaita mata abin da Kallamu ya ce, kalma bayan kalma. Tsohuwar ba ta ɗago ba. Ta ci gaba da juya muciya har sai da hannunta ya gaza, sannan ta sake ta.

"Na san ta rasu. Ni ba ni da kowa a hanyar nan, Zuwaira, duk sun ƙare."

Ta ce ana jibi za su tafi Isah ya je duba shi, sai Baba Manu ya tambaye shi wai bana babu mai saƙo ne, ko kuwa har an cire shi daga cikin masu rai? Isah ya fito ya faɗa a bakin masallaci, maganar ta zaga unguwa. Da ma kowa ya riƙe nasa ne don tausayi, sai aka ga ashe tausayin ne ke yanka shi. Shi ne kowa ya tashi neman abin da zai kawo, mai dangi da marar dangi, don ya fita garin nan kamar yadda ya saba fita. Ba wanda ya tambayi wani me zai kawo, kowa ya ɗauka nasa ɗan kaɗan ne.

"Ni kuma na ce in na kawo ƙaramin ƙulli zai gane lallashi ne, ya san ni. Shi ne na je Ogbete na ce a cika min buhu."

Ta rufe fuska da mayafi, kafaɗunta suna girgiza. Tuwo ya fara kamawa a gindin tukunya, babu wadda ta kula. Zuwaira ta tsaya da waya a hannu. Ta tuna hasken nan da ta gani a idonsa da safe, yana tsokanar Isah, yana gyara wa direba sunayen garuruwa. Ta nemi fushin da ta kwana biyu tana riƙe da shi ta dafa, ta ga babu wanda za ta ɗora wa, kuma wannan ya fi fushin ciwo. Ta zauna a kan turmi kusa da tsohuwar.

Muryar Kallamu tana fitowa daga wayar, yana cewa Hajiya kina ji na, rana tana yi, me za a yi da doyar? Ta kai wayar kunne.

"Ka wuce da ita wurin Gwaggo Baiwa. Ka ce tsarabar ƙaninta ce."

Da yamma ya sake kira ya ce ya isa, ya miƙa jaka ya miƙa buhu. Tsohuwa ta rasa inda za ta ajiye doya mai yawa haka, sai ta sa aka zube ta a ɗakin da ta share masa.